Ku Tambayi Likita: "An ce na warke daga sankara, amma zuciyata ta ƙi dawowa daidai"

Wasiƙun da suka iso teburina a wannan watan sun karkata ga abu guda, wato halin da zuciya ke shiga bayan an gama jinyar ciwon daji, da yadda mu likitocin ƙwaƙwalwa muke tantance wanne ne ciwo, wanne ne ba ciwo ba. Na cire sunaye kamar yadda muka saba, na kuma taƙaita wasu wasiƙun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 44, 'ya'yana shida. An cire min nonon hagu, na yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, aka yi min gashi da hasken na'ura, yanzu shekara ɗaya da wata biyu ke nan da gamawa, ina shan tamoksifen, ƙwayar hana ciwon dawowa, kullum. Likitoci sun ce hotuna da gwaje-gwaje duk lafiya. Amma ni ban dawo ba. Da ni ce mai ɗinki a layinmu, yanzu keken ya yi ƙura. Ba na zuwa biki, ba na zuwa suna, Islamiyya ma na daina. Tun kafin kiran sallar farko nake farkawa in yi ta kuka ba dalili. Maigidana ya ce rashin godiyar Allah ne, tunda waɗanda muka kwanta ɗaki ɗaya da su wasu an binne su. Ni ma ina ganin gaskiyarsa. Ƙanwata ta ce in ga likitan ƙwaƙwalwa, to ni ba hauka nake yi ba. Ta yaya ma likita zai gane ciwo ne, ko kuwa ni ce dai na kasa haƙuri?
Wata uwa daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne. Maganar rashin godiya zan fara taɓawa, domin ita ce take toshe bakin mata da yawa da nake gani. Wanda ya tsira daga haɗarin mota da karayar ƙafa yana gode wa Allah da bai mutu ba, kuma yana zuwa a yi masa ɗori. Ba wanda zai ce masa neman ɗorin butulci ne. Ki gaishe da maigida, ki karanta masa wannan amsar in zai saurara.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ciwon damuwa. Zama ake yi da mutum, a tambaye shi, a saurare shi, sannan a auna abin da ya faɗa da ma'aunin da likitoci suka daidaita a kai. Littattafai biyu muke komawa gare su. Ɗaya na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, ICD, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a Janairun 2022. Ɗayan na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ne, DSM-5, ya fito a 2013, aka yi masa gyara a 2022. Babu wanda ya keɓe wa masu ciwon daji babi nasu a cikin biyun. Ma'aunin da ake yi wa kowa shi ake yi muku.

DSM-5 ya jera alamomi tara: baƙin ciki kusan kullum kuma kusan duk yini, gushewar jin daɗin abin da a da ake jin daɗinsa, canjin cin abinci ko nauyin jiki, lalacewar barci, ko ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, sanyin motsi da magana har mutane su lura, ko kuma kasa zama wuri ɗaya, gajiya, ganin kai ba a bakin komai ba, ko ɗora wa kai laifin da ya wuce kima, kasa tattara hankali ko yanke shawara, da yawan tunanin mutuwa. Sai an samu aƙalla biyar, sun ɗauki mako biyu ko fiye, kuma dole ɗaya daga cikin biyun farko ta kasance a ciki. ICD-11 ya ƙara ta goma, wato yanke ƙauna daga abin da ke gaba. Bayan haka sai a duba yadda abin ya ci rayuwar mutum. Kukan da ke zuwa ya wuce, bai hana girki ba, bai hana ciniki ko zumunci ba, sau da yawa baƙin ciki ne da ya dace da abin da ya faru, kuma ba ma sa masa sunan ciwo.

Inda aikin yake yin wuya ga irinku shi ne, huɗu daga cikin taran nan, wato gajiya, rashin ci, rashin barci da raunin tattara hankali, kemo ma yana kawo su, gashi ma yana kawo su, kuma gajiyar takan daɗe watanni, wani lokaci shekaru, bayan an gama. In likita ya ƙirga su duka ba tunani, zai liƙa wa mutane da yawa ciwon da ba su da shi. In ya zubar da su duka, masu ciwon na gaske za su suɓuce masa. Tun 1984 wata masaniya a Amurka, Jean Endicott, ta kawo shawarar a musanya waɗannan huɗun da wasu alamomin da jinya ba ta kawowa: fuskar da ke nuna tsoro ko baƙin ciki, janye jiki daga mutane da ƙarancin magana, yawan saƙe-saƙe da tausayin kai da hangen sharri, sai kuma mutumin da ba a iya faranta masa rai, ko albishir aka yi masa ba ya murmushi. Ni wannan ta ƙarshen na fi riƙewa.

Da kina gabana, ga abin da zan tambaye ki. Idan autanki ya dawo daga makaranta da gudu ya faɗa jikinki, wani abu yana motsawa a ranki ko kuwa shiru? Idan an kawo sabon yadi mai kyau, hannunki yana ƙaiƙayin almakashi ko da ba za ki iya zama a kan keken ba? Mai gajiyar jinya tana son zuwa bikin, ƙafa ce ta ƙi. Mai ciwon damuwa ko an kai ta a mota an zaunar da ita kusa da amarya, bikin bai shafe ta ba. Zan tambaye ki hannun hagu da kafaɗa, domin bayan irin aikin da aka yi miki hannu yakan kumbura ko kafaɗa ta riƙe, kuma na ga matan da aka ce damuwa ce ta raba su da sana'a alhali hannun ne yake ciwo, ba wanda ya tambaya. Zan tambayi al'adarki, domin kemo yakan ɗauke ta da wuri ga mace mai shekarunki, tamoksifen kuma yakan kawo hucin zafi da gumin dare mai tayar da mutum daga barci. Sannan zan roƙi wanda ya rako ki ya ɗan ba mu wuri, in tambaye ki abin da ba a faɗa a gaban dangi: yaya tsakaninku da maigida tun bayan aikin, kina iya kallon tabon, nawa ne bashin da jinyar ta bari, akwai maganar ƙarin aure da kike jiyowa a gefe.

Ba na yanke hukunci ta wasiƙa. Amma farkawa tun kafin asuba, barin sana'a da Islamiyya, da yadda kika amince cewa laifinki ne, sun isa a ce ki je a zauna da ke, kuma kada ki ɗaga. Kada ki yi mamakin zuwan abin yanzu da aka gama. Lokacin jinya kowace rana da abin yi, gida cike da 'yan dubiya. Ranar da aka ce an gama sai kowa ya koma harkarsa, a bar mutum da jikin da ya canza da tunanin abin da ya wuce ta kansa. Wani babban nazari na 2011, da ya tattara binciken da aka yi ta hanyar zama da marasa lafiya a sassan ciwon daji, ya samu ciwon damuwa ga kimanin kashi 16 cikin 100. Yawancin binciken a ƙasashe masu arziki aka yi su, kuma a nan inda iyali ke sayar da fili su biya kuɗin kemo ba na jin nauyin ya fi sauƙi.

Idan an zo rubuta miki magani, ki faɗa cewa kina shan tamoksifen. Hanta ce take juya shi ya zama sinadarin da ke aiki, kuma magungunan damuwa biyu, paroksetin da fuluwoksetin, suna rage wannan aikin. Akwai wasu da ba su da wannan matsalar sosai, likita ya san su. Kada ki ajiye tamoksifen da kanki. Batun hauka kuwa, yawancin masu jiran layi a ƙofar ɗakina malamai ne, 'yan kasuwa, matan aure da ɗalibai, waɗanda in kin gamu da su a kasuwa ba za ki ga komai ba.

TAMBAYA: Salam Likita. Mahaifinmu yana da shekara 66. An yi masa gashi a wuya saboda sankarar maƙogwaro shekara biyu da suka wuce. Da farko ya murmure har ya koma kasuwa. Amma 'yan watannin nan ya zama wani iri: barci dare da rana, magana a hankali, mantuwa, ga bayan gida ba ya fita sai da ƙyar. Ana tsakiyar bazara yana neman bargo. Yayyena sun ce damuwa ce, aka sayo masa amitiriptilin a kemis, amma abin sai ƙaruwa yake yi. Mu ƙara masa yawan maganin ne?
Wani ɗa daga Azare

AMSA: A'a ɗana, kada ku ƙara. Ku kai Baba asibiti da kwalin maganin a hannu, likita ya duba yadda za a janye shi. Amitiriptilin yana busar da baki, wanda gashi ya riga ya busar, yana ɗaure ciki, yana riƙe wa dattijo fitsari, yana kuma ƙara masa ruɗewa.

Dattijon da aka yi wa gashi a wuya, yana neman bargo a bazara, cikinsa a ɗaure, maganarsa ta yi sanyi, abu na farko da zai zo ran likita shi ne tayirod, wata 'yar halitta da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke saita saurin aikin jiki. Hasken gashi yana ratsa ta, kuma takan yi rauni a hankali, watanni ko shekaru bayan an gama, shi ya sa ake so a riƙa gwada ta lokaci-lokaci. Gwajin jini ne mai suna TSH. In ta tabbata ita ce, ƙwaya ce guda kowace safiya, kuma mutum yakan fara farfaɗowa cikin makonni.

Ƙa'idar farko ke nan a aikinmu: kafin a ce ciwon damuwa ne, sai an tabbatar ba wata cutar jiki ko wani magani ne ke kawo alamun ba. Littattafan nan biyu duk sun ware gurbi daban ga damuwar da cutar jiki ko magani ya haddasa, saboda maganinta daban ne. Ga wanda ya yi ciwon daji, abubuwan da nake bi ɗaya bayan ɗaya suna da yawa. Akwai ƙarancin jini. Akwai hawan kalsiyam a jini, mai zuwa da ƙishirwa, yawan fitsari, ɗaurewar ciki da ruɗewa. Akwai deksametazon da ire-irensa da ake haɗawa da kemo, waɗanda kan hana barci, su sa wani fushi ko surutu da jin ƙarfin da ba na lafiya ba, su jefa wani cikin baƙin ciki. Akwai zogin da ba a kashe ba, domin wanda ƙashinsa ke sara dare da rana dole halinsa ya canza. Kuma ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci canjin hali yana nuna ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa, musamman in da matsanancin ciwon kai da safe, amai, jijjiga ko raunin gefe ɗaya na jiki. Ban ga waɗannan a wasiƙarka ba.

Akwai wani hali da nake so duk mai jinya ya sani. Idan mara lafiya ya rikice cikin awoyi ko kwana ɗaya biyu, bai san inda yake ba, yana sambatu, yana ganin abin da ba wanda ke gani, da rana ya ɗan dawo, da dare ya ɓace, to wani abu ne ya lalace a jiki: ƙwayar cuta, ƙoda, gishirin jini, sukari ko magani. A gidajenmu aljanu aka fi ɗora wa laifin. Ku yi addu'arku da tofinku a kan hanyar asibiti, a daren, kada a jira wayewar gari.

In an gwada komai lafiya, sai a zauna da Baba. Dattawanmu maza ba sa cewa suna baƙin ciki. Cewa suke yi "jikin ne ya ƙi", su daina fita majalisa, su bar rediyo a kashe. A tambaye shi kuma yadda muryarsa ta koma, domin ɗan kasuwar da ba a jin abin da yake faɗa sai an ce ya maimaita yakan gwammace ya yi shiru.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni malamin makaranta ne, shekaruna 39. An yanke min wani sashe na hanji saboda ciwon daji, na yi kemo, shekara uku ke nan, an ce babu sauran komai. Amma ko cikina ya yi ƙugi sai gabana ya faɗi. Kullum ina duba bayan gidana ko akwai jini. Idan ranar komawa asibiti ta matso ba na barci. Ko warin sifirit na ji sai zuciyata ta tashi. Ganin likita na ƙarshe ma ban je ba. Na karanta a intanet cewa wannan PTSD ne irin na sojoji. Haka ne?
Wani malami daga Gombe

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari. Abin da ka kwatanta ya fi kama da tsoron dawowar ciwo, kuma yana cikin abubuwan da waɗanda suka gama jinya suka fi kuka da su. Duk da yawansa, ba shi da gurbi a DSM-5 ko ICD-11 a matsayin ciwo mai zaman kansa. Sai a 2016 masana suka wallafa ma'anar da suka daidaita a kai, bayan wani taro a Otawa ta Kanada. A ganina abin da ya sa yake da wuyar sakawa a babi shi ne ba tsoron banza ba ne. Ciwon daji yana iya dawowa, kuma ɗan tsoro shi ke sa mutum ya riƙe ranar asibiti. Muna ɗaukarsa matsala idan ya mamaye tunani, ya daɗe bai lafa ba, ya sa mutum gadin jikinsa dare da rana, ya fara cin aikinsa da zamansa da iyali. Wani yakan yi ta dube-dube da neman a sake masa hoto, wani kuma ya guje wa asibitin gaba ɗaya. Kai ka haɗa biyun, kuma na biyun ne ya fi tayar min da hankali, domin bibiyar da ake yi bayan sankarar hanji an tsara ta ne don a kama abin da wuri, lokacin da ake iya sake cire shi.

Batun PTSD, wato ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali, masana kansu sun yi kai-komo a kai. Bugun DSM na 1994 ya yarda a ƙirga samun labarin ciwo mai barazana ga rai cikin abubuwan da ke haddasa shi. Na 2013 ya ƙuntata: ciwo mai tsanani shi kaɗai bai isa ba, sai in wani abu na ba-zata mai firgitarwa ya auku, kamar mutum ya farka ana tsakiyar yi masa tiyata. Mai PTSD abin da ya wuce ne ke dawo masa, a mafarki ko a farke, kamar yanzu yake faruwa, yana guje wa duk abin da ke tuna masa, yana yawan zabura, kuma abin ya haura wata guda. Kai kuwa abin da ke gaba kake tsoro. Akwai masu haɗa biyun, shi ya sa sai an zauna da kai. Tashin zuciya daga warin sifirit sananne ne ga waɗanda suka yi kemo. Jiki ne ya haɗa warin ɗakin da aman da ke biyo baya, kuma ana iya warware wannan haɗin.

Likita zai duba ko fargabar ta tsallaka zuwa wasu abubuwa, albashi, yara, hanya, komai da komai, a yawancin ranaku har wata shida. Wannan shi ne ciwon fargaba na gama-gari. In bai kai can ba, sunan da aka fi rubutawa shi ne matsalar kasa daidaitawa da sabon hali, wadda DSM-5 ya ce tana farawa cikin wata uku da aukuwar abin, ta lafa cikin wata shida bayan abin da sakamakonsa sun kau. Ga mutumin da ake kira asibiti lokaci-lokaci a ɗebi jininsa, da wuya a ce abin ya kau, don haka ba na riƙe wata shidan nan da ƙarfi ga irinku. Wani nazari na 2013 a kan waɗanda suka yi shekara biyu ko fiye da gano ciwonsu ya samu ciwon damuwa ga kashi 11.6 cikin 100, kusan daidai da 10.2 na masu lafiya, amma fargaba ta kai 17.9 a kan 13.9. Wato idan tafiya ta yi nisa, fargaba ce ta fi zama.

Maganinsa yawanci zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, a koya maka bambanta alamar da ke buƙatar likita da ƙugin cikin da kowa ke yi, a rage dube-duben sannu a hankali. Amma kafin wannan, ka kira ka karɓi sabuwar rana, ka tafi da maiɗakinka ko wani amininka, ka kuma faɗa wa likitan tiyatar ainihin abin da ya hana ka zuwa.

TAMBAYA: Anti Likita, ni nas ce a ɗakin masu ciwon daji. An kawo mana fom na auna damuwa mu riƙa cika wa marasa lafiya. Idan mutum ya samu maki mai yawa, shi ke nan yana da ciwon damuwa? Kuma yawancinsu "lafiya lau" kawai suke ce min.
Ma'aikaciyar jinya daga Sakkwato

AMSA: Ƙanwata, Allah Ya saka da alheri da kika damu ki tambaya. A'a, maki ba ya tabbatar da ciwo. Aikin fom shi ne ya nuna wanda ya kamata a zauna da shi.

Ba ki faɗi wanne aka kawo muku ba, amma uku aka fi amfani da su. Akwai ma'aunin ƙunci, zane ne kamar na ma'aunin zafin jiki daga 0 zuwa 10, mutum ya nuna inda yake a makon da ya wuce, daga 4 zuwa sama a bincika. Ya fito ne daga aikin Jimmie Holland da abokan aikinta, likitar da ta kafa sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin ciwon daji na Memorial Sloan Kettering a Amurka a 1977. Akwai PHQ-9, tambaya tara da aka ɗauko daga alamomin DSM, maki daga 0 zuwa 27, daga 10 ake ɗaga kai a duba. Rauninsa a ɗakinku shi ne ya ƙunshi gajiya, ci da barci, don haka mai shan kemo zai tara maki ko da ransa fes. Sai HADS, da aka fitar a Ingila a 1983, tambaya 14, bakwai na damuwa bakwai na fargaba, wanda da gangan aka cire masa yawancin alamun jiki saboda marasa lafiyar asibiti.

Ma'aunin ƙuncin yana zuwa da jerin matsaloli da mutum zai nuna, har da kuɗi, sufuri da kula da yara. Kada ki raina wannan jerin. A wurinmu mace za ta nuna 8, ki bincika ki tarar kuɗin motar komawa ƙauye ne babu, ko ba ta san inda kuɗin zagayen kemo na gaba zai fito ba. Wannan ma'aikacin jin daɗin jama'a take buƙata kafin ni. Wani bincike na 1983 a cibiyoyi uku na Amurka ya zauna da masu ciwon daji 215, ya samu kashi 47 cikin 100 da matsalar da ke da suna a littafi, kuma kashi 68 na waɗannan matsalar kasa daidaitawa ce. Sama da rabi ke nan ba su da ciwon ƙwaƙwalwa ko ɗaya duk da abin da suke ciki. Ina yawan tuna wa ɗalibaina wannan, domin masu cewa "ai duk mai ciwon daji dole ya shiga damuwa" su ne suke barin mai ciwon na gaske ba magani.

"Lafiya lau" kuwa gaisuwa ce da ladabi, musamman in kin karanta fom ɗin a tsaye, miji ko suruka na jingine da gado. Ja labule, ja kujera. Fara da barci: "Mama, da dare kina samun barci? In kin farka me ke zuwa miki?" Daga nan za ki fara jin "tunani ya yi min yawa", "ƙirjina ya yi nauyi", "abu yana min yawo a ka". Tambaya ta tara a PHQ-9, ta tunanin mutuwa, kada kunya ta sa ki tsallake ta. Kada kuma a bar cikakken fom a kan gado kowa ya karanta.

Ku tambayi shugabanninku tun yanzu: in maki ya hau, wa za a tura wa? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, don haka sai an tsara hanya. Ku kuna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Akwai na Barnawa a Kaduna, na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da nasu sashen. Amma na fi so likitan ya riƙa zuwa ɗakinku, domin mutane da yawa za su yarda a zauna da su a inda suka saba, ba za su yarda a tura su wani asibitin ba.

TAMBAYA: Likita, mahaifiyata ta gama jinyar sankarar bakin mahaifa bara. Ni nake kwana da ita. Kwanan nan takan ce "gara in tafi ku huta da ɗawainiyata." Ina tsoron in tambaye ta abin da take nufi, kada in sa mata wani tunani.
'Yarta daga Maraɗi

AMSA: 'Yata, ki tambaye ta. Binciken da aka yi bai nuna cewa tambaya tana dasa wa mutum wannan tunanin ba, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Mu muna rarrabewa tsakanin wanda ya sallama wa ajali yana shirinsa cikin natsuwa, wanda ba ciwo ba ne, da wanda ke fatan mutuwa ta zo ta same shi saboda gajiya ko ganin ya zama nauyi, da kuma wanda ke tunanin halaka kansa har ya san da me. Maganar Inna ta fi kama da na tsakiya, kuma jin "na zame muku kaya" alama ce da ba na wasa da ita.

Ku zauna ku biyu, ki ce mata: "Inna, da kika ce gara ki tafi, kin taɓa tunanin yi wa kanki wani abu?" In ta ce e, ko ta yi irin shirun da kika san ma'anarsa, kada a bar ta ita kaɗai. Ki kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da ƙwayoyin da suka rage daga jinya, ku tafi asibiti a ranar. In ta ce a'a, ku ga likita cikin makon nan duk da haka. Ki kuma tambaye ta abin da mata ke ɓoyewa bayan an yi musu gashi a mara: zogi, ɗigar fitsari, gudawa, ko warin da ke sa ta shakkar tsarkinta ta riƙa gudun mutane. Yawancinsu akwai abin da za a yi a kai. Ke ma ki nemi wata cikin 'yan uwa ku riƙa karɓa-karɓar kwana, kuma in kun je ki faɗa wa likitan yadda naki barcin yake.